Titin mil ɗaya da ya kwanta akan unguwar mutane a Detroit

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'ar gidan. Ni mai sauraronku ne na kullum daga garin Detroit dake jihar Michigan a Amurka, a waya nake kama ku cikin mota tunda tuƙi ne sana'ata, ɗaukar fasinja nake. Abun da yasa na zauna nake wannan dogon rubutu shine shirin da kukayi kwanaki akan gadojin sama da manyan tituna, inda wani bawan Allah ya bugo waya yace ai a Amurka ko ina ka duba titi ne akan titi shiyasa suka cigaba. Wallahi ni kaɗai na dinga dariya a mota, don a daidai lokacin ina kan wani titi ne da su Amurkawan sunfi shekara 10 suna cacar baki akan yadda zasu binne shi su huta.

Sunan titin I-375. Reshe ne kawai da ya ɓalle daga I-75, ita I-75 ɗin uwa ce, daga iyakar Kanada take ta miƙe har Florida, amma shi wannan ɗan nata duka duka mil 1 ne da ɗan ɗoriya, wajen kilomita 1.7 kenan. In ka taho daga arewa kana dosar tsakiyar gari, daidai wajen Gratiot Avenue sai uwar ta karya kwana tayi yamma, kai kuma in ka miƙe toh ka hau shi. Filin ƙwallon Ford Field na hannunka na dama, daga nan sai kaga kana cikin rami, don shi ba gadar sama bane, haƙa ƙasa akayi aka shimfiɗa shi a ciki, titunan gari su Monroe da Lafayette da Larned duk ta samanka suke wucewa akan gada. Hannun dama unguwar Greektown ce da gidan cacarta, hagu kuma Lafayette Park. Kafin ka gama gyara zama sai ga wata muguwar kwana ta murɗa ka ta zubar da kai akan Jefferson Avenue a gindin dogayen benayen nan na Renaissance Center, kogin Detroit na bayansu, tsallake kuma Windsor ce ta Kanada. Shikenan an gama. In ba goslo ko minti biyu baya kaiwa. Ita wannan kwanar kuwa in dusar ƙanƙara ta zuba sai kayi da gaske, duk direban da ya sani tun daga nesa yake ɗage ƙafa daga totur.

Na daɗe ina binsa ban taɓa tunanin komai ba, titi ne kamar kowane titi. Sai wata ranar Lahadi na ɗauko wata dattijuwa baƙar fata daga coci, tasha hularta irin tasu ta zuwa ibada, jakarta akan cinya ta riƙe da hannu biyu. Muna shiga ramin nan sai tace in ɗan sassauta, na duba madubi naga ba motoci take kallo ba, saman gangaren take kallo inda ba komai sai ciyawa da shingen waya. Tace mun a nan aka haife ta, a nan babanta yake aski, kuma sunan wajen Hastings Street. Nace Mama ai ba titi mai wannan sunan a nan, tace eh, ai akansa kake tafiya. Daga nan bata ƙara cewa uffan ba har na sauke ta, nima kunya ta hanani tambaya. Amma abun ya tsaya mun a rai, na dinga tambayar tsofaffin gari ina karance karance, kuma abun da na samu shi nakeso masu sauraro suji.

Unguwar sunanta Black Bottom. Da yawa suna zaton saboda baƙaƙen fata ne aka sa mata sunan, a'a, tun zamanin Faransawan da suka kafa garin ne, saboda baƙar ƙasar wajen mai kyan noma, irin ƙasar fadama. Baƙaƙen fata daga baya suka cika ta, lokacin da suka dinga tasowa daga kudancin Amurka suna gudun wulaƙanci suna neman aiki a kamfanonin mota, musamman bayan Ford ya fara biyan dala 5 a rana a 1914. A 1910 baƙar fata a Detroit basu kai 6,000 ba, zuwa 1930 sun kai wajen 120,000. Toh ina zasu zauna? Yawancin unguwannin turawa a rubuce yake cikin takardar gida cewa ba'a saidawa baƙi ba'a basu haya, wanda yayi ƙarfin hali ya saya kuwa sai ya kwana da shiri, kamar likita Ossian Sweet da taron turawa suka yiwa gidansa ƙawanya suna jifa a 1925. Dole kowa ya matsu a Black Bottom da maƙwabciyarta Paradise Valley dake arewa da Gratiot.

Ba zan ce maka aljanna bace, gidajen katako ne tsofaffi, cunkoso, wasu ko banɗaki na kirki babu, masu gidajen kuma suna karɓar haya basa gyara. Amma dai gari ne guda mai rai, kuma Hastings ce kasuwarsa: shagunan aski, kantin magani, gidajen abinci, otal, likitoci, lauyoyi, gidajen kiɗa da ake zuwa daga ko ina har turawan ma. Ana lissafa sana'o'in baƙar fata sama da 300 a yankin. Joe Louis zakaran damben duniya a nan ya tashi, Coleman Young wanda ya zama magajin garin Detroit baƙar fata na farko a 1974 shima ɗan unguwar ne. Cocin New Bethel ta Rabaran C. L. Franklin akan Hastings take kafin hanya ta cinye ta. Har ƙungiyar Nation of Islam ma a wannan yankin ta fara a 1930.

Gaskiya ɗaya da ya kamata in faɗa, don naji mutane suna haɗe labarin: ba titin kaɗai ya kashe unguwar ba. Tun 1946 gwamnatin birni ta fito da shirin share wuraren da ta kira kango, dokar gidaje ta 1949 ta kawo kuɗin tarayya, zamanin magajin gari Albert Cobo rusau ya kankama a farkon shekarun 1950. A filin da aka share aka gina Lafayette Park, wadda shahararren mai zanen gini Mies van der Rohe ya zana, gidaje masu gilashi da bishiyoyi gwanin kyau, har yau 'yan jami'a na zuwa ɗaukar hoto, amma waɗanda aka tasa ƙalilan ne suke da kuɗin shiga. Sai dokar manyan hanyoyi ta 1956 tazo, gwamnatin tarayya zata biya kashi 90 cikin ɗari na kuɗin titi, kaga wa zai ƙi? A 1959 aka fara aikin Chrysler Freeway, aka ɗora layin zanen daidai kan Hastings, ɓangaren arewa ya zama I-75, ɓangaren kudu ya zama wannan I-375 da aka buɗe a 1964. Wato an riga an kwashe gidajen, titi yazo ya ƙarasa kasuwar.

Diyya kuma fa? Ai diyya ta mai gida ce, su kuwa mafi yawansu 'yan haya ne, takarda kawai ake basu su tashi. Wasu suka koma gidajen gwamnati na Brewster-Douglass da Jeffries, wasu da yawa suka kwarara wajen Twelfth Street suka sake matsuwa, kuma a wannan titin ne tarzomar 1967 ta ɓarke wadda ta ci rai 43. Shi mai shagon aski ko an bashi kuɗin kujera da madubi, wa zai biya shi kwastomomin da ya tara shekara ashirin, kowa ya watse?

Abun haushin ma shine an gina titin ne don mutum ya fito daga gidansa a bayan gari ya shigo ofis ya koma da yamma ba tare da ya tsaya a danja ko ɗaya ba, kuma hakan akayi, sai dai fitar tafi shigowar yawa. A 1950 mutanen Detroit sun haura miliyan 1.8, a ƙidayar 2020 sun dawo 639,111. Ba titi ne kaɗai sanadi ba, kamfanoni sun tashi, aiki ya ƙare, amma titin ya sauƙaƙa tafiyar. Yanzu in ka cire safiya da yamma da ranar da ake wasa a Ford Field ko Comerica Park, hannu uku uku ne a shimfiɗe kusan fayau. Su kansu filayen wasan ma akan wani yanki na Paradise Valley suke zaune.

Toh yanzu titin ya tsufa, ya haura shekara 60, gadojin da suka ratsa samansa gishirin da ake zubawa lokacin sanyi ya cinye su, in ka ɗaga kai zakaga inda kankare ya ɓantare rodi ya fito yayi tsatsa. Ko a sake gina shi ko a cike ramin, kowanne kuɗi ne. Ma'aikatar sufuri ta Michigan, MDOT, ta fara nazari tun wajen 2014, aka fito da zaɓi shida, aka ajiye maganar a 2016, aka sake ɗaukowa, daga ƙarshe aka tsaya akan a cike ramin a maida shi titin gari mai danja da hanyar masu keke da masu tafiya a ƙasa, ya miƙe har kusa da bakin kogi. A watan Satumba 2022 ministan sufuri na lokacin Pete Buttigieg yazo da kansa ya sanar da dala miliyan 104.6 daga tarayya, gwamna Gretchen Whitmer da magajin gari na lokacin Mike Duggan suna wajen, akayi ta jawabi akan gyara zaluncin da akayi a baya. A lokacin ana maganar aikin zai ci wajen miliyan 300, za'a fara a 2025.

Da zanen ya fito sai murna ta koma ciki. Titin da suka zana hannu shida ne, a wasu mahaɗar har tara in ka haɗa da na kwana, mutanen Lafayette Park sukace wannan ai babbar hanyar ce kuka ciro daga rami kuka ɗora mana a ƙofar gida, tsohuwa da sanda ta yaya zata tsallaka kafin danja ta canza? 'Yan kasuwar Greektown da na Eastern Market nasu kukan daban, shekarun da za'a ɗauka ana haƙa da ƙura wa zai zo cin abinci. Jikokin 'yan Black Bottom kuma sukace ku dakata, mu ina namu a ciki. Aka kafa gamayya mai suna ReThink I-375, MDOT ta sake ƙirga motoci tunda bayan korona mutane da yawa a gida suke aiki, ta rage faɗin titin a 2024, kuɗi kuma ya dinga hawa har ya doshi miliyan 500. A watan Agusta 2025 sukace sun dakatar da aikin zasu sake dubawa.

Ni dai in don aljihuna ne a bar shi yadda yake, ba ɓoye ɓoye, minti biyu na sauke fasinja a Jefferson na ɗauki wani, in aka jera mun danja biyar ko shida asarata ce. Amma tun ranar dattijuwar nan na daina jin daɗin faɗin haka. Kuma a ganina duk rigimar hannu shida ko hannu huɗu ƙaramar magana ce, babbar maganar itace filin. In aka cike ramin za'a samu fili wajen eka 30 a tsakiyar gari, tsakanin filin ƙwallo da kogi, inda ƙasa tafi tsada a duk Detroit yanzu. Waye zai samu? In gwanjo akayi ai mun san masu saye, manyan masu gine gine ne, zasu jera benaye masu hayar da ni da nake tuƙi awa goma sha biyu bazan iya ba balle jikar mai aski, sai a kafa wani allo na ƙarfe a gefe a rubuta da can nan Black Bottom ce. Wannan ai an ci unguwar sau biyu kenan. A Rochester ta jihar New York sun cike wani yanki na titinsu Inner Loop tsakanin 2014 da 2017 kuma gidaje sun tashi a wajen, don haka cikewar ba gagara tayi ba, rabon ne abun kallo. Mutanen Detroit ɗin ma a 2021 sun jefa ƙuri'a da gagarumin rinjaye a kafa kwamitin duba diyyar baƙar fata, toh ga fili nan a gabansu wanda kowa ya san daga hannun wa ya fita, har adireshin gidajen yana nan a tsofaffin hotunan da birni ya ɗauka kafin rusau. Ni a nawa wautar kafin a zuba tifa ɗaya ta ƙasa a ramin ya kamata a rubuta a takarda kaso nawa ne na gidaje masu sauƙin haya, kaso nawa ne na shagunan zuriyar waɗanda aka tasa, a sa hannu, don alƙawarin bakin ɗan siyasa mun san tsawon ransa a can da nan.

Shi kuma ɗan uwa da ya bugo waya ba wai ina ƙaryata shi bane, titunan suna nan kuma suna da kyau, nima duk sanda naje gida na hau gadar Ƙofar Nassarawa ina jin daɗin yadda ta rage wahala. Kawai dai in za'a kawo mana Amurka a matsayin misali a kawo ta duka, harda wannan ramin.

Malam Edita in wakilinku na Washington ya samu sarari ya leƙo Detroit, ni zan ɗauko shi daga filin jirgi kyauta, in bi dashi ta cikin ramin sannan muyi fakin mu hau gadar Lafayette da ƙafa ya ɗauki sautin motocin daga sama. Ya taho da rigar sanyi mai kauri in bayan Oktoba ne. A gaida ma'aikata baki ɗaya.

Naku mai sauraro,
wani direba daga Detroit