Ina masu barin giya za su haɗu a Gombe asirinsu a rufe?

Assalamu alaikum Hajiya. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da masu sauraron wannan fili, mu wasu ma'aikatan jinya ne a garin Gombe. Shawara muke nema a kan mutanen da suka yi niyyar barin giya, aka taimaka musu a asibiti, amma da an sallame su ba su da wurin da za su zauna da irinsu su ƙarfafa juna.

Ɓangaren asibiti mun san shi. Wanda ya daɗe yana sha kullum, ko burkutu ne ko ogogoro ko 'yar leda, bai kamata ya yanke rana ɗaya a gida shi kaɗai ba. Cikin awa 6 zuwa 24 da shan ƙarshe hannu zai soma rawa, ga gumi, tashin zuciya da rashin barci. Wasu sukan yi jijjiga kamar ta farfaɗiya kafin a cika kwana 2. Mafi hatsari shi ne kwana na 2 zuwa na 4, lokacin da mutum kan ruɗe, ya yi ta gane-gane, jiki ya yi zafi, zuciya na bugawa da sauri. A nan ne dangi kan ce aljanu ne, su ɗaure shi a ɗaki, alhali wannan hali yana kisa. Wurinsa asibiti ne, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe ko na Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, inda likita zai ba da maganin kwantar da jiki mai suna diazepam yana rage shi sannu a hankali, tare da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Cikin mako guda jiki ya lafa.

To, daga nan ne aikin yake. Watanni ukun farko su ne aka fi komawa ruwa, domin majalisar da ya saba tana nan, abokan shan suna nan, matar gida kuma ta gaji da jin alkawari. Abin da ke riƙe mutane da yawa a wasu ƙasashe shi ne zaman mashaya da suka daina, irin na ƙungiyar Alcoholics Anonymous da Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka fara a Akron ta Amurka a 1935. Tsarin ba shi da wuya. Mutane su haɗu kamar awa guda, rana ɗaya tsayayya a mako, wuri ɗaya. Kowa ya faɗi sunansa na farko kawai ko laƙabi, ya ba da labarin yadda makonsa ya kasance, ba a katse shi, ba a yi masa faɗa. Ba rajista, ba hoto, ba kuɗin shiga. Sabon zuwa a haɗa shi da wanda ya daɗe da dainawa, wanda zai iya kira ko da tsakar dare ne idan sha'awar ta taso. Alkawarin da ake ɗauka na yau ne kaɗai.

Mun kuma san abin da ke rusa irin wannan zama: mutum ɗaya ya mamaye magana, ko a soma rance tsakanin juna, ko wani ya mayar da wurin dandalin wa'azi, mai jin kunya ya ƙara jin kunya ya daina zuwa. Zauren WhatsApp ma tarko ne, tunda kowa na ganin lambar kowa.

Inda muka tsaya, Hajiya, shi ne rufin asiri. Magidanci a Jekadafari ko Pantami ya gwammace ya mutu da ciwon hanta da a gan shi yana shiga ɗakin da aka san na 'yan giya ne. In aka yi a harabar coci Musulmi ba zai je ba, in aka yi a masallaci ɗan'uwanmu Kirista daga Billiri ko Kaltungo ba zai saki jiki ba. Tarukan da ake yi ta intanet galibi da Turanci ne, kuma suna cin data. Ofishin NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na da masu ba da shawara, amma mutanenmu da sun ji sunan sai su tuna kamu.

Shin akwai zama irin wannan da Hausa a Gombe ko Bauchi da kika sani, ko wani mai sauraro ya sani? In babu, wane wuri kike ganin ya dace, kuma yaya za a sanar da shi mabuƙaci ya ji ba tare da an tona shi ba? Mun yi tunanin ɗaki a asibiti da yamma bayan La'asar, inda shigar mutum ba ta jawo tambaya. Sai dai ƙa'idar ita ce waɗanda suka daina su ne ke jan zaman da kansu, ba mu masu farin kaya ba. Ta yaya za mu samu mutum biyu da suka shekara ba su sha ba, waɗanda za su yarda su fito? Mata kuma, da ke sha a ɓoye a cikin gida, a ware musu ranarsu ne, kuma me za su ce wa maigida kafin ya bar su su fita?

Muna sauraron amsarki a shiri na gaba. Allah Ya ƙara basira.

Naki,
Wasu ma'aikatan jinya, Gombe