Wasiƙa daga Wad Madani ta ƙasar Sudan kan gyaran gidan Hajiya

Assalamu alaikum, Alhaji.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da Hajiya. Yaya Jidda, yaya zafi? Mu nan alhamdulillahi, ana ta lallaɓawa. Saƙonka ya iso ni tare da hoton takardar da ɗan kwangilar nan ya turo maka ta WhatsApp. Na ga gara in zauna in rubuto maka a tsanake, don maganar ta fi ƙarfin saƙon murya.

Don Allah kada ka tura masa ko sisi tukuna. Ban san mutumin ba, ba zan ci namansa ba. Amma dubi takardar da kyau: gyaran gida gaba ɗaya, kuɗi kaza, a ba da rabi kafin a fara, shi ke nan. Bai ce buhun siminti nawa ba, bai faɗi kaurin wayar wuta ba, bai ware ladan hannu daga kuɗin kaya ba. Na tambayi maƙwabta, babu wanda ya ga ya taka gidan. Da hotunan da ka aika masa ya yanka farashi.

Ni na karɓi mabuɗi wurin Baffa na shiga. Ka daure, abin ba daɗin gani. Tun da kuka fita a Disambar 2023 ba wanda ya kwana ciki. An bi bangon falo an tsattsage shi daga makunnin fitila har sama, an zare wayoyin tagulla, ba a bar ko taƙi ɗaya ba. Fankoki da tankin ruwa da ƙofar ƙarfen nan ta tsakar gida duk babu. Kwanon ɗakin Hajiya ya huje a wurare da dama, ruwa ya bi katako, gara ta ƙarasa abin da ya saura. Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsagar da ke kusurwar gabas, wadda ta taso daga ƙasa har kusa da taga, yatsana yana shiga ciki. Ita ba ruwanta da yaƙi. Ka san baƙar lakar jiharmu ta Jazira, da damina ta kumbura, da rani ta tsuke ta dare, ginin da ke kanta ya yi ta motsi. Wanda bai zo ya gani ba shafe kawai zai yi mata ya bi da fenti, baɗi war haka ta sake buɗewa.

Game da tsadar da ta tayar maka da hankali, ina so ka san cewa ba duka ba ne cuta. Kafin yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 dala ɗaya tana wajen fam 600, yanzu ta daɗe da haura 2,000. Siminti daga wajen Atbara ake ɗauko shi a manyan motoci, man dizal kuwa ya yi tashin gwauron zabo. Maginan da muka sani da yawa sun watse zuwa Gadarif da Kasala, wasu har Masar, kuma waɗanda suka dawo sun tarar an kwashe musu kayan aiki, sai sun sayi sabo. Tun da garin ya buɗe a Janairun 2025 kowa ke komowa, kowa na neman mai gini da mai wuta a lokaci guda. Mai shagon kayan gini zai faɗa maka farashi ya ce na yau ne, gobe ka sake tambaya. To wanda zai ɗauki aiki a dunƙule dole ya ɗora wani abu a kai don tsoron gobe, kuma kai za ka biya wannan tsoron. Wasu kuma da zarar sun ji mai gida yana Saudiyya sai su koma lissafi da riyal. Wannan kam son zuciya ne, kuma yana ɓata mini rai, domin na san irin wahalar da kake sha kafin ka tara abin da kake aikowa.

Mai araha ma abin tsoro ne. Wani maƙwabcinmu ya ba wani yaro aikin wuta saboda ya fi kowa sauƙi. Ya karɓi kafin alƙalami, ya ja wayoyi, ya tafi. Da aka kankare bakin wayar da wuƙa sai ga fari a ciki, ashe alminiyom ne aka yi masa rufin tagulla. Dole aka sake fasa bangon.

Ni dai ba na bin tallan Facebook. A masallaci nake tambaya bayan Magariba: wa ya yi maka rufi, kuma damina ta wuce a kansa? In an nuna mini gida sai in je in ɗaga kai in dubi silin da idona. Ta haka na dace da wani dattijon magini, ɗan asalin Mai Wurno, wanda ya gyara wa limaminmu ɗakuna. Na kai shi gidanku. Bai ce uffan kan kuɗi ba sai da ya zagaye gidan, ya tona gindin bangon gabas da diga ya dubi harsashin, ya ƙwanƙwasa shafen da ƙotar cokalin gini yana saurare. Inda ya ji sauti kamar na ganga sai ya zana da gawayi, ya ce nan ya rabu da bulo. A kan tsagar kuma ya manna ɗan siminti gicciye, ya ce a bar shi makonni, in ya tsage to bangon yana motsi har yanzu, sai an taɓa harsashi. Ya kuma lura cewa indararon maƙwabci a gindin wannan bangon yake zuba, ya ce in ba a karkatar da ruwan ba duk aikin banza ne. Ladan da ya nema ba kaɗan ba ne, amma ya bi mini shi ɗaki ɗaki, har na gane inda kowane fam zai shiga.

Ga shawarata. A fara da rufin ɗakin Hajiya da ƙofar waje, kafin ruwa ya sauka a Yuli. Bangon gabas ya biyo baya. Fenti da tayil su jira, ba wanda rashinsu zai hana barci. Kaya ni zan saya da hannuna a ranar da kuɗinka ya shigo, kada ya kwana yana narkewa, in ɗauki hoton rasit in turo maka. Wayar wuta ta fitilu mai milimita 1.5, ta soket mai 2.5, kuma a kankare a gabana kafin in biya. Ladan hannu za a biya shi kashi kashi, kowane kashi bayan an ga aiki, kuma za mu rubuta a gaban Liman da Baffa. Tsabar kuɗi tana wahala tun canjin takardun kuɗi da aka yi a ƙarshen 2024, shi ya sa na tambayi dattijon, ya ce ya yarda da Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, amma leburorinsa sai tsaba kowace yamma.

Ina roƙonka kuma, kada mu matse shi a ciniki fiye da kima. Shi ma gidansa ba ƙofa, buhu ya rataya, yana gyaran na wasu.

Samarin unguwa sun ce za su yi gayya su kwashe tarkacen tsakar gida. Na gargaɗe su cewa duk ƙarfen da ba su gane ba kada su taɓa, a kira hukuma, don akwai abubuwan da ba su fashe ba a cikin gidaje.

Ka sanar da ni nawa za ka iya fitarwa a wannan wata ba tare da ka ci bashi ba. Ka kuma tambayi Hajiya ko tana son a mayar da tagar ɗakinta yadda take ko a ɗan ƙara mata faɗi, tunda dama za a taɓa wurin. Ka gaishe ta da kyau, ka ce mata bishiyar lemon tsamin da ta shuka ta bushe, amma darbejiyar ƙofar gida tana nan. Maman yara tana gaida uwargida.

Wassalam,
Naka amininka