Masu fassara, a kula da "fail" da "fall"

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da masu fassara mana labarai daga Turanci, a kan kalmomi biyu da ko ɗan firamare ya sani, wato "fail" da "fall". Turanci na koyar a sakandare har na yi ritaya, kuma a ganina sabon da aka yi da su ne ya sa ba a tsayawa a duba su da kyau.

Idan aka rubuta cewa wani "failed to appear" a kotu, abin da aka faɗa kawai shi ne bai zo ba. Ba a ce wani abu ya hana shi ba, ba a kuma ce taurin kai ya yi ba. Amma sai wannan jarida ta ce "ya kasa bayyana", waccan ta ce "ya ƙi". Ɗaya ta wanke shi, ɗaya ta shafa masa kashin kaji, alhali alƙali bai ma ji dalilinsa ba tukuna.

Wadda ta fi damuna ita ce "heart failure". Wata 'yar ƙanwata ta haihu, bayan 'yan makonni ƙafafunta suka kumbura, in ta kwanta rigingine sai numfashi ya riƙa yi mata wuya. Likita ya rubuta wannan kalma a katinta. Wani ɗan boko a gidan ya karanta, ya ce ai zuciyarta ta daina aiki, nan take mata suka fara salati da kuka. Ma'anar kuwa ita ce zuciya ta yi rauni, ba ta harba jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa a jiki. Ciwo ne babba, amma da magani da rage gishiri mutum na shekaru yana harkokinsa. Mu a Zariya ba baƙonmu ba ne, don tun shekarun 1970 likitoci suka yi bincike a nan kan yadda yake kama masu jego, har suka danganta shi da kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Wanda ya fassara shi da "tsayawar zuciya" ya sanar da mutuwar mai rai.

Sauran ba su da wuya in an saurari bakin mutane. In an ce "brake failure", direba cewa yake birki ya tsinke. In "power failure" ce, wuta ɗauke ta ake yi. Bankunan da gwamnatin Abacha ta kafa wa dokar soja a 1994, wato "failed banks", durƙushewa suka yi. Ɗalibin da ya kwaso F9 a WAEC, shi kam ya faɗi, babu gardama.

"Fall" ma haka take. Da Taliban suka shiga Kabul a watan Agusta na 2021, aka ce "fall of Kabul", birnin bai rushe ba, hannunsu ya koma. "Fallen heroes" da ake tunawa da su ran 15 ga Janairu sojoji ne da suka kwanta dama a fagen daga, ba waɗanda suka yi tuntuɓe ba. A Amurka kuwa kalmar sunan lokacin kaka ce, daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma yaranmu masu neman gurbin karatu a can suna cin karo da ita a kan fom.

Hausa ba ta da talaucin kalmomi a nan. Gini rushewa yake, rijiya ta rufta, kwalekwale ya kife, ɗan kasuwa ya karye, farashi ya sauka, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Roƙona, Edita, kafin a buga labarin kotu ko na asibiti, a samu mutum na biyu ya karanta Hausar ita kaɗai, ba tare da ya ga Turancin ba, a tambaye shi abin da ya fahimta.

Naku,
Tsohon malamin makaranta,
Tudun Wada, Zariya