Wasiƙa daga Dagenham: Mun Samu Gidan Haya

Assalamu alaikum, Baba.

Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina fatan kuna lafiya, ku da Inna da sauran mutanen gida a Tudun Wada. Na rubuto ne domin in bayyana muku abin da ya hana saƙon watan jiya isowa, kada hankalinku ya tashi. Gida muka sauya, shi ne ya cinye ɗan abin da na tara.

Ɗakin da muke ciki a tsakiyar Landan ya yi mana kaɗan tun da aka haifi takwaranku, ga kuma danshin da ya baƙanta bangon bayan gado har yaron ya fara tari. Sati shida na yi ina neman wani, duk wanda na gani a kusa da wurin aikina kuwa kuɗinsa ya fi ƙarfina, sai wani ɗan'uwa da muke sallar Juma'a tare ya ce in daina wahalar da kaina, in nufi gabas, bayan gari. Haka muka dawo Dagenham, kamar dai mai aiki a Sabon Gari ya koma Shika da zama saboda sauƙin haya.

Ciki da falo ne, da kicin da banɗaki, a kan fam 1,250 duk wata. Na san idan kuka juya shi zuwa naira za ku riƙe baki, amma a nan an ce na yi sa'a. Ba a biyan shekara guda gaba ɗaya kamar yadda muka saba a Zariya, sai dai kafin a miƙa mini makulli na biya wata guda, na kuma ajiye kuɗin sati biyar, wato fam 1,442. Tun 2019 doka ta hana mai gida karɓar ajiyar da ta wuce haka a irin wannan haya, kuma dole ya sa ta ƙarƙashin kariyar tsarin da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Dillalin ma bai karɓi ko sisi na la'ada a hannuna ba, wanda na san dillalanmu na gida ba za su so jin haka ba. Abin da ya tsananta a kai shi ne takardu: izinin zama, shaidar albashi, da wasiƙar tsohon mai gida.

Sauƙin bai zo a banza ba, domin yanzu ina fita da duhun asuba in hau jirgin ƙasa kusan awa guda, ga harajin ƙaramar hukuma da kuɗin ɗumama ɗaki duk a kaina. Amma tarin yaron ya tsaya, kuma tagar falon tana kallon wani ɗan fili mai ciyawa.

In Allah Ya yarda, saƙo zai iso ƙarshen wata ta hannun Yaya, har da kuɗin maganin Inna. A sa mu a addu'a.

Wassalam,
Ɗanku.