Zuwa Ga Edita: Kun Cinye Sa'a Guda Kan Suna, Masu Ciki Na Kwance A Siminti

Assalamu alaikum Malam Edita,

Wallahi shirinku na daren Talata ya ɓata min rai, kuma har yanzu da nike wanga rubutu zuciyata ba ta kwanta ba. Sa'a guda cur kun aje manyan mutane a situdiyo, ga malami ga likita ga lauya a waya, suna ta ja-in-ja kan sunan da za a kira zubar da ciki, malam na cewa kisan kai ne a kira shi da sunanshi, likita na cewa a'a a riƙa cewa katse ciki don wai zubar da ciki kalma ce mai tozarta mata, lauya kuma yana ta karanto muna turanci. Sai da ya rage 'yan mintoci a rufe sannan mai gabatarwa ya tuna ai an yi alkawarin maganar mata masu ciki da ke tsare gidan yari, ya karanta saƙo guda a gurguje, ya ce lokaci ya ƙure sai wani jiƙon. Haba Malam! Don wagga magana na bar aikina na zauna gaban rediyo, kuma na san ba ni kaɗai ba ce.

Kada a yi min mummunar fahimta. Ni ban goyon bayan a zubar da ciki, mu nan Malikiyya muke bi kuma malamanmu sun tsananta a kai tun cikin yana ɗan ƙarami, dokar ƙasa ma ta hana, sashe na 232 na Penal Code, kundin hukunta laifuka da ake aiki da shi a Arewa, ya tanadi ɗauri har shekara 14 sai in an yi ne don ceton ran uwa. To abin da addini ya hana doka ta hana, mi ya rage da za a kwashe dare ana gardamar suna? Ku kira shi duk abin da kunka ga dama, hukuncinshi bai sauya ba.

Abu guda da ya kamata a tsaya a kai cikin maganar suna shi ne wanda ba wanda ya taɓa, har shi mai gabatarwar ya riƙa cuɗa ɓari da zubarwa kamar abu guda ne. Ni ungozoma ce, na yi aikin asibiti har na aje, hannuna ya karɓi haihuwa ya kuma wanke cikin matan da sunka yi ɓari ba adadi. Ɓari jarrabawa ce daga Allah, zazzaɓin cizon sauro na kawo shi, aikin wahala na kawo shi, wani lokaci ba a ma san dalili ba. Amma a turancin likitoci kalma guda ce ake rubutawa a kati ko cikin ya zube da kanshi ko zubar da shi anka yi, sai dai a ƙara wata kalma a gaba da ke rarrabewa, wanda bai san aikin ba kuwa ta farkon kawai zai gani. Na san wata yarinya, ɗiyar mutane, da aurenta da komi, mijin ya tahi ci-rani kudu, jini ya ɓalle mata anka kai ta asibiti anka yi mata wankin ciki, dangin miji da dama ba su son ta sunka ɗauki katin sunka kai ƙara wai ta zubar musu da jika. Ta kwana tsare a bayan kanta wurin 'yan sanda tana zubar da jini, da tsumma take tarewa, sai da likitan da ya duba ta ya zo da ƙafarshi ya yi bayani sannan anka sake ta. Yanzu ku gaya min, matan unguwarsu da sunka ga haka, in jini ya zo musu za su tahi asibiti? A ɗaki za su kwanta su yi ta shan jiƙe-jiƙe har rai ya yi halinshi. Wannan ne wurin da suna ke kashe mutum, kuma kun tsallake shi.

Amma babban abin da ya sa na ɗauki waya nike rubutu shi ne na gidan yari. Tun da na aje aiki muna da ƙungiyarmu ta matan Islamiyya, mukan haɗa ɗan sabulu, omo, audugar mata, zannuwa da gero mu kai ma matan da ke tsare, musamman da azumi da salla. Ba zan faɗi wane gida ba ne. Abin da idona ya gani shi zan hwaɗi.

Na tarar da mace da ciki ya kai wata takwas, ƙafafunta sun kumbura sun yi suntum har fatar na ƙyalli, tana kwance kan tabarma a siminti, cikin zafin nan namu na watan Afrilu da ko mai lafiya a gidanshi ƙarƙashin fanka sai ya nemi ruwan sanyi. Na tambaye ta yaushe rabonta da awo, ta ce tun da anka kawo ta ba wanda ya ɗaura mata abin gwada jini a hannu. Tana kukan ciwon kai, tana cewa idonta na ganin hazo. Malam duk wadda ta yi aikin ɗakin haihuwa ta san mi wannan ke nufi, hawan jini ne, kuma abin da ke biyo bayanshi jijjiga ce, wadda ke ɗauke uwa da ɗa cikin dare guda. Babu maganin ƙarin jini, babu maganin kariyar zazzaɓi da ake ba masu ciki wurin awo, gidan sauron ma ya yayyage. Abinci kuwa abin da anka ba kowa shi za a ba ta, ba ruwan kowa da cewa mutum biyu ne ke ci a kwano guda.

Kuma mi ta yi? Rikicin kuɗin adashi ne. Ba a yanke mata hukunci ba, jiran shari'a take, an ba da belinta amma an ce sai ta kawo ma'aikacin gwamnati mai babban mataki ko mai takardar fili ya tsaya mata, matar da mijinta ke tura baro a kasuwa ina za ta samo wannan? Haka za a ɗage zama, a sake ɗagewa, yau mai gabatar da ƙara bai zo ba gobe babu motar kai su kotu, ciki kuma bai san ɗage zama ba, girma yake. Kowa ya sani kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, matan nan suna ciki, kuma da yake su 'yan kaɗan ne cikin dubban maza sai a tura su wani lungu a manta.

Wata kuma a can naƙuda ta kama ta da dare. Ita da bakinta ta ba ni labari tana shayar da jinjirin, ta ce sai da 'yan ɗakinsu sunka yi ta dukan ƙofa suna kururuwa kafin a zo, da anka zo kuma ana neman wanda makulli ke hannunshi, ana neman izinin oga, ana neman man mota, kafin a gama kai ya fito, wata tsohuwa da ke tsare tare da su ita ta karɓi haihuwar ta yanke cibi da reza. Da anka kai ta asibiti daga baya kuma sai anka sa mata ankwa a hannu anka ɗaure da ƙarfen gado. Mace da ta haihu yanzu, jini bai tsaya ba, ina za ta gudu ta je? Babu ruwan zafi, babu kunun kanwa, babu uwa ko gwaggo da za ta kama mata, ranar suna ba wanda ya yanka ko kaza. Ban zargin gandurobobi mata gaba ɗaya, na ga wadda ta cire kuɗi daga albashinta ta sayo madara da rigunan jarirai, amma tausayin mutum guda ba tsari ba ne.

Abin takaicin shi ne doka tana nan. A shekarar 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar da ta sauya sunan hukumar gidajen yari ta koma ta gyaran hali, kuma sashe na 34 ya yi maganar mata ƙarara, a ware musu wurinsu, a yi musu gwajin ciki in an kawo su, a kula da lafiya da abincin masu ciki da masu shayarwa, a tanadi wurin renon jarirai. Majalisar Ɗinkin Duniya ma tun 2010 ta fitar da ƙa'idojin Bangkok da sunka ce kada a sa ma mace ankwa lokacin naƙuda ko haihuwa ko bayan ta haihu, kuma in laifin ba mai girma ba ne a nemi wani hukunci ba ɗauri ba ga mai ciki. Lauyan da kunka kira ya san duk wannan fiye da ni, mi ya hana a tambaye shi? An sauya allon ƙofa daga gidan yari zuwa gidan gyaran hali, tabarmar nan dai ita ce a ƙasa.

Shi kuma malam, da girmanshi da iliminshi, na so ƙwarai ya kawo hadisin matar nan Bagamidiya da ta zo wurin Manzon Allah (SAW) da kanta ta yi iƙirarin laifi tana da ciki, ya ce ta koma sai ta haihu, ta haihu ta dawo ya ce ta koma sai ta yaye. Wannan fa wadda ta amsa laifinta ce da bakinta, amma an kiyaye haƙƙin abin da ke cikinta. To in har da gaske muke cewa ɗan da ke ciki rai ne, kuma ni na yarda rai ne, ashe wanda ke cikin matar da ke kwance a siminti ba rai ba ne? Ya za a yi mutum ya yi sa'a guda yana kare ɗan tayi a rediyo sannan ya kasa cewa uffan kan wanda yunwa da hawan jini ke shirin kashewa a hannun hukuma? Shi wane laifi ya yi, shi ya ci adashin?

Mu nan Sakkwato ba mu manta lokacin Safiya Hussaini ta Tungar Tudu ba, da kotun Gwadabawa ta yanke mata hukuncin jefewa a 2001, 'yan jaridar duniya sunka cika garin nan har kotun ɗaukaka ƙara ta sallame ta a watan Maris na 2002. Wancan karon kowa na da bakin magana. Waɗannan kuwa da ba su da suna a jarida ba mai leƙa su, kuma ku da kuke kusa da mu, kuke jin yarenmu, ku ne ya kamata ku leƙa.

Ina roƙonku ku sake shirin, kuma wanga karon a bar gardamar suna a gida. Ku gayyato wani daga hukumar gidajen gyaran hali, da ma'aikatar shari'a, da ma'aikatar mata, a tambaye su a fili mata masu ciki nawa ke tsare a jihar nan, wa ke yi musu awo, kuma mi ya sa in babban joji ya shiga zagayen rage cunkoso ba a fara da su. Ku nemo macen da ta haihu a can ta yi magana ko da an ɓoye sunanta, in kuna so ni zan taimaka a samo wadda za ta yarda.

Sannan don Allah tallan masu maganin gargajiyar nan da kuke sawa tsakiyar shiri, wasu kalmomin ba su dace ba sam, muna zaune da jikoki a tsakar gida bayan Isha'i sai mutum ya yi wuf ya rage murya. Ko ku tace su ko ku mayar da su can tsakar dare.

Ina jiran in ji ranar da kunka sa.

Mai sauraronku,
tsohuwar ungozoma daga Mabera, Sakkwato