Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Mai Bin Sawun Iskar Metan

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Saƙonki ya iso ni, kuma na yi farin ciki da kika zaɓi bincike kan iskar metan da ƙasa ke fitarwa da kanta. Kin ɗauko aikin da ake da bukatarsa. Kafin zamanin masana'antu, metan a sararin sama bai wuce kashi 720 cikin biliyan ba, yau ya haura 1,900, kuma a tsawon shekara 20 yana riƙe zafi kusan ninki 80 na iskar kabon. Sai dai ki sani tun yanzu, kin shiga fagen da manyansa ba su daidaita ba.

Ga inda gardamar take. Masu aunawa a fili, irin su Giuseppe Etiope na Italiya, sun tattara abin da ke fita daga tsagar duwatsu da tsaunuka masu aman taɓo da ƙasan teku, suka ce ya kai wajen tan miliyan 45 a shekara. Masu nazarin tsohuwar iskar da ta maƙale a ƙanƙara suka zo da wani lissafin. A 2017 Vasilii Petrenko da abokan aikinsa, da ƙanƙarar Antaktika, suka ce bai wuce tan miliyan 15.4 ba. A 2020 Benjamin Hmiel ya sauko da shi wajen tan miliyan 1.6. Hujjarsu kabon-14 ce, wani nau'in kabon da ke raguwa da kansa: rabinsa na ƙarewa duk shekara 5,730, don haka metan da ya yi miliyoyin shekaru a ƙarƙashin ƙasa ba ya ɗauke da shi ko kaɗan. Da haka suke gane kason metan na zurfin ƙasa a cikin tsohuwar iskar. In ƙaramin lissafin ne gaskiya, to abin da rijiyoyin mai da gas da mahaƙar kwal ke zubarwa ya fi yadda ake zato. Kin ga ke nan lambar da za ki rubuta a littafinki ta shafi wanda za a ɗora wa alhaki. Kada ki ɗauki ɓangare kafin ki auna.

Idonki zai so wuraren da suka yi suna: wutar Yanar Dag kusa da Baku, ɗaruruwan tsaunukan taɓo na Azarbaijan, da Lusi, tsaunin taɓon da ya ɓarke a Indunusiya a watan Mayun 2006. Ki je ki gani. Amma kaso mai tsoka na lissafin masu aunawa a fili ya dogara ne kan iskar da ke tsatsafowa a hankali ta cikin ƙasa a yankunan da ke da man fetur, ba kumfa, ba wuta, ba ƙara. A nan rauni yake, kuma a nan nake so ki zauna.

Kayan aikinki akwati ne marar gindi da ake kifawa a ƙasa, da na'urar leza mai karanta yawan metan. Ki fara kafa zoben da akwatin zai zauna a kai, ki bar ƙasar ta huta, domin huda ƙasa na sakin iskar da ta taru a cikinta, sai ki ga tashin da ba na gaskiya ba. Kada ki tsaya daf da akwatin, nauyinki ma yana matso iska. Ki kifa shi a hankali, ki tabbata akwai ƙaramar kafa da za ta daidaita matsin ciki da na waje. Mintuna kaɗan sun isa. In kin daɗe, iskar da ta taru a ciki za ta danne mai fitowa, layin da ke nuna hauhawar metan ya lanƙwashe, ki raina abin da ke fita. Ki ɗauki saurin hauhawar a farkon layin, ki ninka da girman cikin akwatin, ki raba da faɗin bakinsa, ki gyara da zafi da matsin iskar wurin. Amsar takan zo a miligiram a kowane murabba'in mita a rana.

Wani lokaci lambar za ta sauka maimakon ta hau. Na'urarki lafiya lau take. Busasshiyar ƙasa na da bakteriya masu cin metan, suna zuƙar sa daga sama. Ki rubuta wannan, ki rubuta sifili ma. Babban kuskuren fagen nan shi ne a auna inda ake tsammanin samu, sannan a shimfiɗa sakamakon a kan faɗin yanki guda. Ki zana wuraren da za ki auna tun kafin ki fita, ki bi su ko da ba su burge ki ba. Ki koma wuri ɗaya a rani da damina, domin ruwan sama na toshe kafofin ƙasa, faɗuwar matsin iska kuma na janyo iskar waje.

Sannan asalin iskar. Metan na fadama da na zurfin ƙasa kamarsu ɗaya a na'urar fili. Ki ɗebi samfur a kwalbar gilashi mai toshiyar roba mai kauri, ki ɗebi biyu a kowane wuri. A ɗakin gwaji, ma'aunin kabon-13 (nau'in kabon mai ɗan nauyi) da ya yi ƙasa da -60 cikin dubu yakan nuna aikin ƙwayoyin halitta, tsakanin -50 da -30 kuma yakan nuna wanda zafin ƙasa ya dafa. Ki haɗa da etan da furofan, wasu nau'o'in gas 'yan'uwan metan: in metan ya ninka su fiye da sau 1,000, alamar ƙwayoyin halitta ce, in bai kai 100 ba, ta zurfi ce. Amma hattara, bakteriya sun fi cin kabon marar nauyi, sai ragowar ta yi kama da ta zurfi alhali ba ita ba ce. Shi ya sa ake kashe ƙwayoyin da ke cikin samfurin ruwa nan take, kuma ba a yanke hukunci da ma'auni guda.

Kada ki jingina da tauraron ɗan Adam. TROPOMI, na'urar hango iskar gas da aka harba a kan tauraro a 2017, na ganin manyan ɓulɓulowa, amma kowane ɗigon hotonsa kilomitoci ne, tsatsafowar da kike nema ta fi ƙarfin idonsa.

Abin da ya fi damuna shi ne lafiyarki. Metan ba ya wari, kuma yana kamawa da wuta idan ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iska. Akwai kuma wata iska dabam mai guba, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, in ta yi yawa hanci ya daina jin ta, a lokacin ne ta fi kisa. Ki rataya na'urar gargaɗi a ƙirjinki, ki tsaya ta inda iska ke kaɗowa, kada ki sauka rami ke kaɗai. Ɓawon taɓo yakan bushe a sama alhali ƙasansa ruwa ne, ki gwada da sanda kafin ki taka.

In kin tsara wuraren aunawarki na farko, ki turo mini taswirar in duba tazarar da kika bari a tsakaninsu. Mahaifiyarki na gaishe ki. Allah ya tsare, ya yi miki albarka.

Mahaifinki