Zuwa ga ƙanwata da ta ce me ya sa ban bar mayyar labarina ta tashi sama ba

Ƙanwata salamu alaikum, ya gida ya karatu.

Tambayar nan da kika jefo min a gaban jama'a ta tsaya min a rai, kuma tunda a fili kika yi ta gara in amsa a fili, don na lura ba ke kaɗai ba ce, da yawa sun goya miki baya. Ga waɗanda ba su ji ba, cewa ta yi: "Anti kin ɓata mana rai, tun babin farko muke jiran matar nan da aka kama da zargin maita ta nuna musu ko ita wace ce, ta tsinka sarƙa ta tashi sama ta banka wa kotun wuta, sai kawai kika bari aka kashe ta. To ina amfanin labarin almara in mayya ba ta da maita?" Wallahi sai da na yi dariya, amma bari in faɗa miki abin da ba ki sani ba, wannan babin da kike nema na rubuta shi fa, ta tashi sama ɗin, alƙalai suna gudu suna tuntuɓe da rigunansu, ni kaina ina rubutawa ina jin daɗi har da tafi, sai da na kwana biyu na dawo na karanta sannan na goge shi gaba ɗaya.

Kar ki ɗauka ƙin mayun almara nake yi, ai da su na tashi. Tun zamanin Girkawa akwai Circe da ke zaune a tsibiri tana mai da maza aladu, ga Baba Yaga ta tatsuniyoyin Rasha wadda bukkarta a kan ƙafafun kaza take tsaye, ita kuma ba tsintsiya take hawa ba, cikin turmi take shiga tana tuƙawa da taɓarya, kuma abin da ya fi burge ni da ita ba ka taɓa sanin cinye ka za ta yi ko taimakonka. Irin waɗannan ki ba su duk ƙarfin da kika ga dama, su kife duniya ma in suna so, ba wanda kika zalunta saboda ba su da kabari a ko'ina.

Matsalar tawa ita ce ban ajiye labarina a tsibirin da babu shi ba. Na ajiye shi a Bamberg ta ƙasar Jamus a shekarar 1628, garin yana nan har yau, kuma abin ya faru da gaske. A watan Mayun 1626 wani mugun sanyi ya sauko ya ƙone amfanin gona da inabi a yankin, mutane suka shiga yunwa suka fara neman wanda za su ɗora wa, bishop ɗin da yake sarautar garin ya sa aka gina kurkuku na musamman don masu wannan zargi a 1627, cikin 'yan shekaru aka kashe ɗaruruwan mutane, dukiyarsu kuma a ƙwace. Kuma kar ki zata tsofaffin mata talakawa kaɗai, har magajin garin, Johannes Junius, mai shekara 55, shi ma aka kama shi bayan an riga an kashe matarsa. Wasiƙar da ya rubuta wa 'yarsa Veronica daga kurkuku ranar 24 ga Yuli 1628 tana nan ba ta ɓata ba, kuma ita ce ta sa na goge babin nan. Ya ce mata ba shi da laifi ya shiga, ba shi da laifi aka azabtar da shi, ba shi da laifi zai mutu. An matse masa yatsu da ƙarfe har jini ya fito ta farce, kwanaki ya yi yana rubuta wasiƙar don hannayen sun lalace. Wajen da ya fi karya min zuciya kuwa, mai azabtarwar ne da kansa a hanyar mai da shi ɗaki ya roƙe shi don Allah ya ƙirƙiri wani abu ya faɗa ko gaskiya ko ƙarya, don ba zai iya jure abin da ke tafe ba kuma ba sakinsa za a yi ba. Sai bawan Allah ya zauna ya tsara labari, wai wata mata ta zo masa a gonarsa ta rikiɗe ta koma bunsuru, wai ya je taron mayu. Suka ce bai isa ba sai sunaye, suka dinga kira masa titunan garin ɗaya bayan ɗaya yana ambato mutane, in ya ce bai ga kowa a wannan titin ba a nuna masa mai azaba. Waɗanda suka ba da shaida a kansa ma sun nemi gafararsa a cikin kurkukun, suka ce su ma haka aka yi musu.

To kin ga inda na dosa? Mayyar nan mai tashi sama da dare ta je taro ta yi mubaya'a da shaiɗan, ita kanta ƙagaggen labari ce, kuma masu tuhumar ne marubutanta, wanda ake tuhuma kawai cike musu gurbi yake yi da bakinsa. In na zo bayan shekara kusan 400 na ɗauki mace a wannan kurkukun na ce eh da gaske tana tashi sama, me na ce kenan? Na ce alƙalan nan sun yi daidai, sun kama wadda ya kamata su kama, kuskurensu kawai ba su ɗaure ta da kyau ba. Na ƙarasa musu littafin da suka fara. Ni kam hannuna ya ƙi.

Kuma abin mamaki ba tun fil azal Turawa suka yarda da wannan tashi saman ba. Wajen shekara ta 900 dokar coci cewa take matan da ke iƙirarin suna yawon dare a kan dabbobi ruɗi ne kawai da mafarki, yarda da hakan ma shi ne kuskuren. Rubutu ne ya taimaka wajen juya lamarin. Wani malamin coci Heinrich Kramer ya je garin Innsbruck da ke Ostiriya ta yau a 1485 ya gurfanar da wasu mata, shari'ar ta watse, bishop ɗin yankin ya ce masa ya tattara ya tafi, shi kuwa ya koma ya rubuta Malleus Maleficarum, wato gudumar mayu, ya fito wajen 1486, ga injin ɗab'i ya shigo sabo-sabo, sai aka yi ta buga shi. Shi ya sa nake ɗan jin haushi in na ga marubuci ya kai farautar mayu can tsakiyar zamanin sarakuna masu sulke, mafi munin abin tsakanin 1560 ne da 1630. Masana tarihi suna ƙiyasta an kashe tsakanin mutum 40,000 zuwa 60,000 a Turai gaba ɗaya, kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari mata, ko da yake a Aisilan maza ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Miliyoyin da wasu ke ambatawa ba su da tushe, kuma adadin gaskiyar ma ai ya isa tashin hankali ba sai an ƙara masa gishiri ba.

Akwai wani mutum da nake so ki riƙe sunansa, Alonso de Salazar Frías, mai binciken kotun coci a Sifaniya. A 1611 ya zagaya yankin Basque inda zargi ya yi kamari, ya saurari mutum wajen 1,800 galibinsu yara, ya gwada man da aka ce da shi ake tashi sama ya ga ba komai ba ne, ya dawo ya rubuta cewa babu mayu babu waɗanda maita ta kama sai da aka fara maganarsu da rubutu a kansu. Ranar da na fara cin karo da wannan sai da na ajiye biro, don da mu masu rubutu yake.

Sannan in kin duba yadda abin ke farawa, ƙanƙanin abu ne wallahi, wanda ko a almara ba za ki yi tunaninsa ba. A Pendle ta Ingila a 1612 wata budurwa Alizon Device ta haɗu da ɗan koli a hanya ta ce ya ba ta fil, ya hana, ta yi masa baki, bai yi nisa ba ya yanke jiki ya faɗi, abin da yau likita zai ce shanyewar ɓarin jiki ne. Ita kanta yarinyar ta yarda ita ta yi masa, har da neman gafara. Kafin watan Agusta ya ƙare an rataye mutum 10, kuma babbar shaida ƙanwarta ce Jennet mai shekara 9, aka tsayar da ita a kotu tana nuna uwarta da yayanta. Ki gaya min tsakani da Allah, wace tsintsiya mai tashi ce za ta kai wannan ban tsoro? Af, ki lura rataye su aka yi, a Ingila ba a ƙona masu wannan laifin, haka a Salem ta Amurka a 1692, mutum 19 aka rataye, mata 14 maza 5, wani tsoho Giles Corey kuma aka danne shi da duwatsu har ya mutu don ya ƙi buɗe baki a yi masa shari'a, ba wanda aka ƙona ko ɗaya duk da finafinai sun nace da wuta. A Salem ɗin ma waɗanda suka amsa laifin ba a rataye su ba, waɗanda suka dage kan ba su yi ba su aka kashe. To ki duba, mace ta zaɓi igiya a kan ta ce ita mayya ce, ni kuma in zo in liƙa mata sunan da ta mutu tana ƙi don masu karatuna su ji daɗi? Haba ƙanwata.

Na san abin da za ki ce, ai ramuwa kike so, ki ga wanda aka zalunta ya ɗaga kai ko sau ɗaya ne, kuma ban ga laifinki ba, daga nan ne ma mayya ta gari ta samu shiga a littattafan zamani, mace mai sanin magani mai zaman kanta da ba ta jin tsoron kowa. Akwai marubutan da suka bi wannan hanyar kuma na karanta na ji daɗi, ba hukunci nake yanke wa kowa ba. Illa dai ni a ganina ramuwar ƙarya ce, don matar gaske ba ta tashi ba, kuma waɗanda suka rage daga baya ba ƙarfin tsafi suka nema mata ba, wanke suna suka nema. Anna Göldi, 'yar aikin gida a Glarus ta Suwizalan, an fille mata kai a 1782 bayan an ce ita ke sa wa 'yar maigidanta allurai a madara, sai a 2008 hukumar yankin ta wanke ta. A Sikotlan sai a watan Maris na 2022 shugabar gwamnatinsu ta lokacin, Nicola Sturgeon, ta fito ta nemi afuwa a hukumance kan waɗanda aka hukunta ƙarƙashin dokar 1563. An ce in maye ya manta uwar ɗa ba ta manta ba, to a nan uwar wadda aka kira mayyar ce ba ta manta ba.

Kuma da kika ce babu almara a labarin, anya kin karanta babi na tara da kyau kuwa, ko haushi ya sa kika tsallake? Sunayen da ke fitowa a bangon ɗakin alƙali kullum da dare, a shafe da farar ƙasa su dawo, kowane dare da ƙarin suna ɗaya, har ya daina kwana a ɗakin ya koma wani suka bi shi can, har ranar da ya ga sunan 'yarsa tun kafin kowa ya zarge ta. Wannan ba almara ba ce? Sihirin yana nan, wajen zama kawai na canza masa, na ɗauke shi daga jikin matar na kai shi ɗakin wanda ya sa hannu a takardar.

Amma don kar ki yi fushi da ni ki daina karatu, labarin da nake kai yanzu a wata duniya ce da na ƙirƙira da kaina, ƙasar ba ta cikin taswira, kotun ba ta taɓa zama ba, kuma akwai wata tsohuwa a ciki da ke ɗaure iska a bakin zaninta ta kwance in ta ga dama, ita kam za ta tashi sama tun shafi na uku, wutar da kike so ma za a banka, sau biyu. In ya fito ke zan fara tura wa, ki karanta ki zo ki sake tsare ni a gaban mutane in kin ga wani abin.

Ki gaida mutanen gida.

Taki,
Antinki